Kwashe bayanan kalandar intanet zuwa manhajar nazari: amsa ga mai kula da bayanan ƙungiyar manoma

Wata Malama daga Birnin Kebbi ta aiko da wannan tambaya: "Ni ce mai kula da bayanai a wata ƙungiyar manoman shinkafa. Muna da malaman gona shida da ke zagaya ƙauyukan Argungu, Augie, Suru da Dandi, kuma kowannensu yana rubuta ziyarce-ziyarcensa a Google Calendar. Shugabanninmu suna son rahoton da zai nuna yawan ziyarar da aka kai kowace ƙaramar hukuma a kowane wata. Na sauke kalandar, amma na samu wani fayil da Excel bai gane shi ba, da na ƙirga abin da ke ciki kuma sai na ga bai kai abin da nake gani a waya ba. Yaya zan shigar da bayanan cikin Excel ko Power BI?"

Malama, gara da kika ƙirga kafin ki miƙa rahoto, domin giɓin da kika gani tsakanin fayil da waya shi ne asalin matsalar, kuma da yawa daga cikin masu yin wannan aiki ba sa lura da shi sai bayan an riga an yanke shawara a kan lissafin da bai cika ba. Kwaso bayanan daga Google zuwa kwamfutarki abu ne mai sauƙi. Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne mayar da su jadawalin da kowane sahu a cikinsa yake nufin ziyara guda ɗaya, a rana ɗaya, a wuri ɗaya, domin kalanda ba a kan wannan tsari aka gina ta ba.

Fayil ɗin da kika sauke, wanda sunansa ya ƙare da .ics, yana bin wani tsari da ake kira iCalendar. An fara kafa ƙa'idarsa a shekarar 1998, aka sabunta ta a 2009 cikin takardar da ake kira RFC 5545, kuma Google da Microsoft da Apple duk suna amfani da shi wajen musayar kalanda. Rubutu ne zalla, ba jadawali ba, shi ya sa Excel bai san yadda zai jera shi ba. Idan kika buɗe shi da Notepad za ki ga kowace shigarwa ta fara da layin BEGIN:VEVENT ta ƙare da END:VEVENT, a tsakaninsu kuma akwai DTSTART mai nuna lokacin farawa, da DTEND mai nuna lokacin ƙarewa, da SUMMARY wato taken da malamin gona ya rubuta, da LOCATION wato wuri, da DESCRIPTION wato ƙarin bayani, sai UID, wato lambar shaidar shigarwar.

Ga dalilin da ya sa ƙidayarki ta gaza. A ce malamin gonan da ke kula da Augie ya tsara zuwa wata fadama kowace Talata har tsawon mako goma sha shida na noman rani. A wayarsa zai ga ziyara goma sha shida, kowacce a ranarta. A cikin fayil kuwa shigarwa ɗaya ce tak, tare da layi guda mai kama da RRULE:FREQ=WEEKLY;BYDAY=TU;COUNT=16, wanda ma'anarsa ita ce a maimaita duk mako, ranar Talata, sau goma sha shida. Manhajar kalanda ce ke karanta wannan doka ta zana ranakun a fuskar waya, amma ranakun kansu ba a rubuce suke ba. Duk wanda ya ƙirga BEGIN:VEVENT ya ƙirga dokoki ne, bai ƙirga ziyara ba, kuma ziyara goma sha biyar sun ɓace masa a wuri ɗaya. Lamarin bai tsaya nan ba. Idan malamin ya goge Talata ɗaya saboda ta faɗo ranar Sallah, fayil zai ƙara layin EXDATE mai ɗauke da ranar da aka cire. Idan kuma ya ɗage wata Talatar zuwa Alhamis, za a samu shigarwa ta biyu mai UID iri ɗaya da ta farko, tare da layin RECURRENCE-ID mai nuna asalin ranar da aka sauya. Wanda bai san wannan ba yana iya ƙirga Talatar da aka ɗage ya kuma ƙirga Alhamis ɗin, ko kuma ya ga UID ya maimaitu ya ɗauka kuskure ne ya goge ɗaya. Akwai ma dokar da ba ta da ƙarshe, wadda aka ce a maimaita ba tare da an sa iyaka ba, saboda haka duk hanyar da za ki bi dole ne ki faɗa mata ranar farawa da ranar tsayawa.

Saboda wannan ne ba na ba ki shawarar ki jawo fayil ɗin .ics kai tsaye cikin Power Query, wato sashen shigo da bayanai da tsara su na Excel ko Power BI, ko da yake hakan yana yiwuwa kuma za ki ga masu koyar da shi. Power Query zai karanta layukan, zai raba su, zai jera su ginshiƙi-ginshiƙi, amma bai san yadda ake warware RRULE ba, kuma rubuta wannan da hannu aiki ne mai cin lokaci da yawan tuntuɓe. Ya fi kyau ki bar Google da kansa ya warware maimaituwar, ke kuma ki karɓi sakamakon.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa da ƙungiya irin taku ita ce Google Sheets, wato manhajar jadawali ta Google, tare da Apps Script, wurin rubuta ƙananan shirye-shiryen kwamfuta wanda ke cikin Sheets ɗin kuma ba a biyan kuɗi a kansa. Da farko kowane malamin gona zai raba kalandarsa da asusun ofis, ya ba da izinin ganin cikakken bayani, ba izinin da ke nuna cewa yana da aiki a wannan lokaci kawai ba. Sannan a rubuta ɗan gajeren shiri da zai bi kalandun shida ɗaya bayan ɗaya, ya kira umarnin getEvents tare da ranar farawa da ta tsayawa, ya zuba abin da ya samu cikin jadawali. Amfanin wannan umarni shi ne yana dawo da kowace ziyara daban, Talata goma sha shidan nan su fito sahu goma sha shida, ban da wadda aka goge, wadda aka ɗage kuma ta fito a sabuwar ranarta. Ana iya saita shirin ya riƙa aiki da kansa kowane dare a kan na'urorin Google, don haka ko babu wuta a ofis, ko sabis ya ɗauke, aikin zai gudana. Abu ɗaya da mai rubuta shirin zai kiyaye shi ne Google yana tsayar da duk shirin da ya wuce minti shida yana aiki, saboda haka a tara sahun duka a rubuta su lokaci guda maimakon a riƙa rubuta su ɗai-ɗai. Daga Sheets kuma hanya a buɗe take: manhajar rahoto ta Google, wadda aka sani da Looker Studio ko Data Studio, tana haɗuwa da shi kai tsaye, Power BI ma yana da mahaɗin Google Sheets, ko kuma ki sauke jadawalin a matsayin fayil ɗin Excel.

Idan kuna da wanda ya iya Python, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, yana iya bi ta Google Calendar API, wato ƙofar da shiri ke neman bayanan kalanda kai tsaye daga Google, inda zai sa singleEvents ya zama true domin a warware maimaituwa, ya kuma ba da timeMin da timeMax, wato lokacin farawa da na tsayawa. Ya tuna cewa amsar tana zuwa shafi-shafi ne, ziyara 250 a kowane shafi idan bai canja ba, kuma ba ta wuce 2,500, don haka sai ya bi nextPageToken, alamar shafi na gaba, har ya ƙare. Na taɓa duba wani rahoto da aka yi watanni ana dogaro da shi, sai na tarar shafin farko kawai shirin ke ɗauka, sauran bayanan ba su taɓa shiga lissafi ba, kuma babu wani saƙon kuskure da ya taɓa fitowa. Idan fayil ɗin .ics ne kawai a hannu, akwai kayan aikin Python masu suna icalendar da recurring-ical-events waɗanda ke karanta shi su warware ranakun. Ga masu amfani da Outlook kuwa, calendarView na Microsoft Graph shi ke yin irin wannan aiki.

Bayan maimaituwa, lokaci ne ke biye wajen ɓata lissafi. Nijeriya tana gaban lokacin duniya na UTC da awa ɗaya, ba ma kuma canja agogo da rani ko damina kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka, sunan yankinmu a kwamfuta shi ne Africa/Lagos. A cikin fayil za ki iya ganin 20250114T080000Z. Harafin Z na ƙarshe yana nufin UTC, saboda haka wannan ƙarfe tara na safe ne a Argungu ranar 14 ga Janairu 2025, ba ƙarfe takwas ba. Awa ɗaya ba za ta dame ki ba idan ziyarar tsakar rana ce, amma tana yin ɓarna a kan shigarwar yini guda, wadda ba a sa mata awa ba. Wasu manhajoji suna ɗaukar irin wannan a matsayin ƙarfe goma sha biyun dare, su mayar da ita UTC, sai ziyarar 1 ga Fabrairu ta koma ƙarfe goma sha ɗaya na daren 31 ga Janairu, ta faɗa cikin lissafin watan da ba nata ba. Tunda rahotonki na wata-wata ne, wannan ya shafe ki kai tsaye. Ki duba saitin yankin lokaci a wurare uku, wato a kalandar, a jadawalin Sheets, da kuma a shirin Apps Script, domin kowannensu yana da nasa saitin, kuma ba lallai ne su zo ɗaya ba.

Shigarwar yini guda tana da wata ɗabi'a kuma. Ranar ƙarewarta ba ta cikin lissafi. Horon kwana uku da aka yi daga 14 zuwa 16 ga wata zai nuna DTEND na 17, haka ƙa'idar ta tsara, ba kuskure ba ne. Idan kika nuna wannan rana a rahoto kamar yadda take, za a ɗauka kwana huɗu aka yi. Idan kuma kina tara awannin aiki, kowace irin wannan shigarwa za ta shigo da awa ashirin da huɗu a kowace rana, sai malamin da ke rubuta ziyararsa ba tare da sa lokaci ba ya fito kamar ya fi kowa aiki nesa ba kusa ba. Ki ware musu ginshiƙi mai nuna cewa na yini guda ne, ki cire su daga lissafin awanni. Wajen rubuta kwanan wata kuma ki tsaya a kan tsarin shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03, domin 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris ba tare da ta tambaye ki ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna buƙatar kulawa. A tsarin ajiye haruffa na UTF-8, wanda fayilolin kalanda ke amfani da shi, ɓ da ɗ da ƙ kowannensu yana cin bait biyu, wato gurbin harafin boko na yau da kullum guda biyu, kuma idan kika sauke jadawalin a matsayin fayil ɗin CSV, wato jadawali na rubutu zalla, kika danna shi sau biyu domin Excel ya buɗe shi, yakan karanta su da wani tsari dabam, sai kalma kamar ƙauye ta fito da alamomin da ba a gane su. Ki shigo da fayil ɗin ta sashen Data, ki zaɓi From Text/CSV, ki tabbatar an sa 65001, wato UTF-8. Haka nan fayil ɗin .ics yana karya duk layin da ya wuce bait 75, ya ci gaba a layi na gaba da ya fara da sarari, wanda hakan wani dalili ne na barin karatunsa ga kayan aikin da aka yi domin shi.

Duk abin da na ambata zuwa nan na'ura ce ke jawo shi, kuma ana gyara shi sau ɗaya a huta. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da mutane ke rubutawa. Malamai shida za su rubuta wuri ɗaya ta hanya shida: wannan ya sa Birnin Kebbi, wancan B/Kebbi, wani BK, wani ya rubuta Kamba alhali rahoto yana neman Dandi, wani ya sa Dakingari alhali ana neman Suru, wani kuma ya bar gurbin wuri babu komai ya cusa sunan ƙauyen cikin take. Babu manhajar da za ta san cewa Kamba hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi ce sai an faɗa mata. Saboda haka ki buɗe jadawali na biyu mai ginshiƙi uku, sunan da aka rubuta, sunan da ya dace, da ƙaramar hukuma, ki haɗa shi da jadawalin ziyara. Duk sunan da bai samu abokinsa ba kada a jefar da shi, a tara shi a ƙarƙashin "ba a tantance ba" domin ki riƙa ganin yawansa kowane wata kina cike giɓin. Domin gaba kuma, ku zauna da malaman ku amince da tsari ɗaya na rubuta take, misali irin aiki, sai ƙauye, sai lambar ƙungiyar manoma, a raba su da alama ɗaya. Zaman rabin awa da su zai rage miki aikin kwanaki.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ki kai wa shugabanninku tun kafin a zana hoton lissafi na farko: ziyarar da aka tsara suke son sani, ko wadda aka kai? Kalanda tana ajiye niyya ne. Idan ruwa ya cinye hanyar fadama a watan Agusta, ko babur ya lalace, ko aka yi rasuwa a ƙauyen aka ɗage taro, shigarwar tana nan daram a kalanda kamar an je. Doka mai maimaituwa kuma ta fi haɗari ta wannan fuska, domin za ta ci gaba da haifar da ziyara kowace Talata ko da malamin ya bar aiki. Idan aka ɗauki wannan lissafi aka biya kuɗin mai da shi, ko aka auna ƙwazon ma'aikata da shi, to wanda ya fi cika kalanda ne zai ci riba, mai zuwa gona bai rubuta ba kuma a zalunce shi. Maganin da na ga yana aiki shi ne kowane malami, bayan ya dawo, ya ƙara kalma ɗaya a farkon taken wannan ranar kaɗai, "An yi" ko "An soke", kuma a hana goge shigarwa, domin abin da aka goge ba ya fitowa a cikin bayanan da aka kwaso, alhali yawan ziyarar da ake sokewa a wani yanki labari ne da ƙungiya ke buƙatar ji. Rahoton sai ya nuna lambobi uku a gefen juna: abin da aka tsara, abin da aka yi, da abin da ba a ce komai a kansa ba. Ki riƙa kuma ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen kowane wata, tunda ana iya gyara shigarwar baya a kowane lokaci, kuma ba za ki so lissafin Janairu ya canja a watan Yuni ba tare da kin san dalili ba.

Idan malamai biyu suka tafi ziyara ɗaya, ɗaya ya gayyaci ɗaya ta kalanda, shigarwar za ta fito a kalandun biyu da UID iri ɗaya. Wajen ƙirga aikin kowane malami sahu biyu ne, wajen ƙirga ziyarar da ƙauye ya samu kuwa ɗaya ce. Ki haɗa UID da lokacin farawa su zama shaidar kowace ziyara, sannan ki ƙirga shaidun da suka bambanta.

Wani abu da manhajojin nan ba su san shi ba, mu kuwa muke rayuwa a cikinsa, shi ne kalandar Musulunci. A Nijeriya an fara azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, da ranar 1 ga Maris a 2025, bisa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Wato watan Maris na 2023 kwana tara ne kawai na azumi a cikinsa, na 2024 kwana ashirin da ɗaya, na 2025 kuwa kusan dukkansa azumi ne, har Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 30 ga watan. Wanda ya kwatanta Maris da Maris ya ga ziyarar rana ta ragu yana iya zargin malamai da sakaci, alhali yanayin aikin ne ya bambanta. Kada ki dogara da sauya kwanan wata zuwa Hijiriyya da manhaja ke yi da kanta, domin lissafi take bi ba ganin wata ba, kuma takan saɓa da sanarwar da muke bi da kwana ɗaya. Ki yi jadawalin ranaku naki, sahu ɗaya ga kowace rana ta shekara, ki sa ginshiƙin azumi, da na Sallah, da na hutun gwamnati, da na rani ko damina, har da ranakun kasuwa na garuruwan da kuke aiki idan suna hana samun manoma a gona. Power BI yana aiki da irin wannan jadawali sosai, kuma da shi ne rahoto zai iya bayyana dalilin hawa da saukar lambobi.

Sai batun sirri, wanda nake roƙon kada a ɗauke shi da wasa. A cikin saitin kowace kalanda ta Google akwai adireshin sirri na tsarin iCal, kuma duk wanda ya samu wannan adireshi zai iya karanta kalandar gaba ɗaya ba tare da kalmar sirri ba. Kada a tura shi a zauren WhatsApp, kada a bar shi cikin fayil ɗin da za a raba wa mutane, idan kuma ya fita to akwai maɓallin sake shi a wurin, wanda ke kashe tsohon nan take. Kalandar malamin gona tana nuna inda zai kasance, da ranar, da awar, kuma a halin tsaron da wasu yankunanmu ke ciki wannan ba bayanin da za a bari ya yi yawo ba ne. Saboda haka rahoton da za a raba ya tsaya a kan ranakun da suka wuce, kuma a matakin ƙaramar hukuma. Gurbin ƙarin bayani ma sau da yawa yana ɗauke da sunayen manoma da lambobin wayarsu, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa ƙungiya alhakin kiyaye su. Tunda rahotonki ba ya buƙatarsu, kada shirin ya kwaso wannan gurbi tun farko. Ya fi kyau kuma kowane malami ya buɗe kalandar aiki dabam da tasa ta gida, domin kada ranar asibitin iyalinsa ta shigo jadawalin ofis.

Ginshiƙan da za su ishe ki su ne sunan malami, shaidar ziyara, rana, lokacin farawa, lokacin ƙarewa, alamar yini guda, take, ƙauye, ƙaramar hukuma, da matsayin ziyara. Kafin ki nuna wa kowa sakamakon, ki zaɓi malami ɗaya da wata ɗaya, zai fi kyau watan da aka ɗage wasu ziyarce-ziyarce a cikinsa, ki buɗe kalandarsa a waya ki ƙirga da hannu rana bayan rana, sannan ki kwatanta da jadawalin. Ki duba ranar farko da ranar ƙarshe ta watan da kyau, domin a nan kuskuren lokaci ke ɓuya. Idan lambobin biyu sun zo ɗaya, ki maimaita da malami na biyu a wani watan, idan kuma sun saɓa, ki nemo ainihin ziyarar da ta ɓace ko ta ƙaru, ki buɗe ta ki ga ko mai maimaituwa ce, ko ta yini guda, ko wadda aka gayyaci wani a cikinta.